Gayauna: Gonar da Uba Ke Yanka wa Ɗansa

A ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, kiran sallar Azahar ne ke raba yinin manomi gida biyu idan damina ta kankama. Daga safe zuwa Azahar, duk namijin da ke cikin gida, matuƙar ya isa riƙe fartanya, na mai gida ne. Tare ake fita, tare ake jeruwa a kan kunya, a gindin bishiya ɗaya ake shan furar da mata suka aiko. Wannan babbar gona ita ce gandu, kuma duk abin da ta bayar rumbun mai gida yake shiga, shi ne mai auna wa matan gida hatsin da za su daka. Amma da an sallame salla, sai jerin ya watse. Kowane saurayi ya saɓi fartanyarsa ya nufi wani ɗan yanki, wani sa'in a gefen gandun, wani sa'in can a bakin daji, wanda ba mai iko da amfaninsa sai shi kaɗai. Wannan yankin shi ne gayauna. A ƙasar Zazzau akan ce kurga, a ƙasar Maraɗi gamana, tsarin dai ɗaya ne.

A ganina ba a ba wannan ɗan yanki haƙƙinsa ba in ana zancen yadda Bahaushe ke renon ɗa. Da an taso da maganar tarbiyyar da, sai a kawo makarantar allo da bulalar malam, a kawo kaciya, a kawo riƙo da kunyar ɗan fari. Duk gaskiya ne, kuma kowanne ya yi nasa aikin. Sai dai a duk waɗannan, yaro abin da aka ce masa yake yi. A gayauna ne yake fara yanke shawara da kansa, ya zaɓi abin da zai shuka, ya zaɓi ranar da zai yi maimai da ranar da zai yi lalaci, sannan da kaka ya ga abin da zaɓinsa ya haifa. Kuma ko ya samu ko ya rasa, tuwon dare yana nan yana jiransa a gidan ubansa.

Zaman gandu yarjejeniya ce, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta ta. Ɗa yana ba da ƙarfinsa: sharar gona da kai taki a kan jaki da bazara, shuka da zarar ruwa ya ratsa ƙasa, noman fari, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami, har a kai rumbu. A wasu garuruwa kwana huɗu ake yi a mako, a wasu biyar ko shida, amma kusan ko'ina ranar Juma'a ba a fita gandu. Shi kuma uba akwai abin da ke wuyansa, wanda in ya gaza gari zai yi da shi. Shi ke ciyarwa, shi ke ba da iri, shi ke kai fartanya da garma wajen maƙeri. A da, shi ke biya wa ɗa haraji. In aure ya zo, auren fari nasa ne, tun daga kuɗin gaisuwa har sadaki da lefe da ɗakin da za a sa amarya, kuma in an haihu ragon suna ma yakan fito daga hannunsa. Sai kuma gayauna. Uban da ya tara 'ya'ya a gandu suna yi masa noma, ya hana su inda za su yi na kansu, ba ya daɗewa kafin ya wayi gari shi kaɗai a kan kunya.

Ba a yanka ta babba tun farko. Yaro ya warke daga kaciya, ya yi 'yan shekaru yana bin manya da butar ruwa, yana rufe ramin shuka da dudduge a bayan mai sungumi, sai wata rana uba ya nuna masa kunya biyar ko shida a ƙarshen gona ya ce, "Daga nan zuwa gindin kalgon can, naka ne." Yana girma ana ƙara masa. In ya yi aure a ƙara masa sosai, domin yanzu akwai sabulu da man shafawa da zanen salla da ba za a je wa uba da su ba. A hankali gayaunun 'ya'ya su yi ta faɗi, gandu ya yi ta ƙanƙancewa, har ranar da tsoho zai daina fita, ya bar wa babban ɗa jagorancin aiki, shi kuma ya koma zaure yana tufkar igiya yana tambayar yadda gero ya yi. Ba rana ɗaya ake miƙa ragama ba. Shekara ashirin ake yi ana miƙa ta, kunya bayan kunya.

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba shi da daɗin faɗa, amma dole a faɗe shi. Irin wannan rabon yini da aka yi wa ɗa, shi aka yi wa bawa. A ƙarni na 19, a zamanin Daular Usmaniyya, sarakuna da attajirai suna da manyan gandaye da rinjoji cike da bayi. Sunayen wasu suna nan a bakinmu har yau: Gandun Albasa da Gandun Nasarawa a Kano gonakin sarauta ne, haka ma akwai irinsu a Fanisau da Ɗorayi. Baba ta Karo, tsohuwar nan da aka haifa wajen 1877, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, har aka buga shi littafi a 1954, ta bayyana yadda ake yi a rinjin danginta. Bayi kan duba gonakinsu da sassafe, da hantsi su shigo gandun ubangijinsu, a kawo musu abinci a can, da Azahar a sallame su su koma nasu. Abin da bawa ya noma a yankinsa nasa ne, yana iya sayarwa, yana iya tarawa. Wasu da shi suka fanshi kansu. Wasu kuma aka sa musu murgu, wato su je su nemi na kansu, su riƙa biyan ubangiji wani abu da aka yanka musu.

Ba na kawo wannan don in ce ɗa da bawa ɗaya ne ba. Ɗa zai gaji gonar, bawa kuwa a cikin kayan gadon ake lissafa shi, kuma wannan bambanci ya fi ƙarfin duk wata kamanni. Na kawo shi ne don kada mu mai da gandu wani zaman aljanna da aka rasa. Tsari ne na samun hannun aiki, kuma masu gona sun daɗe da gane cewa mutum ba ya duƙawa da zuciya ɗaya sai yana da abin da zai kira nasa. Abin da ya sa na ɗa ya zama tarbiyya shi ne uba yana yanka gayauna yana sane da cewa wata rana yaron zai tashi daga ƙarƙashinsa, kuma yana so ya tashi da ƙafarsa.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Tun kafin nan shugabansu, Gwamna Lugga, ya kafa doka cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne, sai dai ba a soke bauta ɗungurungum ba sai 1936. A cikin waɗannan shekaru rinjoji suka yi ta zubewa, wasu bayi suka gudu, wasu suka fanshi kai, wasu suka zauna a matsayin barori. Mai gonar da da yake taƙama da bayi, yanzu ba shi da abin dogaro sai 'ya'yan cikinsa. Darajar ɗa a gandu ta tashi, kuma ɗan ma ya san da haka.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke fata, don masaƙun ƙasarsu, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, ga kuɗi, ga harawa, kuma in yunwa ta zo ana iya cin ta. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ta tashi daga tan 2,500 da 'yan kai a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Daga nan aka shiga zamanin da su Alhassan Ɗantata suka yi suna, zamanin dalar gyaɗa da ake hangowa tun daga nesa. In ana ba da wannan labari, attajirai da kamfanonin Turawa ake ambata. Ba a cika tuna cewa buhuna da yawa a cikin waɗancan daloli daga gayaunun samari suka fito ba. Gandu dole ya fara da gero da dawa, domin baki ake ciyarwa da shi. Saurayi kuwa ba ya ciyar da kowa, don haka yankinsa kaf yana iya zuba masa gyaɗa.

Wannan ya canza zama tsakanin uba da ɗa fiye da yadda ake zato. Kafin gyaɗa, amfanin gayauna ɗan abin sayen goro ne da hula da toshin budurwa. Bayan gyaɗa, saurayi ɗan shekara goma sha takwas yana iya riƙe sulalla da fam na kansa, ya sayi keke, ya ɗinka babbar riga, har ya iya biyan harajinsa ba tare da ya jira kowa ba. Uban da yake jan ƙafa kan maganar aure, yana cewa a bari sai baɗi, sai ya ga ɗan ya tara kuɗin da kansa. Rigingimu sun yi yawa a kan wannan. An yi iyayen da suka riƙa jinkirta auren ɗa don kada su rasa hannunsa, an yi waɗanda suka riƙa cin bashin kuɗin gayauna ba su biya. An kuma yi 'ya'yan da suke rage ƙarfi da safe a gandu don su adana shi sai yamma. Kowane dagaci da limami na wancan zamani ya sha sasanta irin waɗannan, kuma hukuncin da aka fi yankewa shi ne a tuna wa kowa abin da ke wuyansa.

A ƙarshen wannan zamani na gyaɗa na samu tawa gayaunar. Ban kai ga balaga sosai ba lokacin da Baba ya yanka mini 'yan kunyoyi a gefen gandunmu na gabas, inda gamba ta yi iyaka da gonar maƙwabci. Shekarar 1975 ce. Gyaɗa na shuka, kamar yadda duk sa'o'ina suka yi, da irin da Inna ta ɓare mini a cikin ƙwarya. Ta tsiro lafiya. Nakan je da yamma ko da babu aikin yi, in tsuguna in ƙirga gindi. Ana shiga marka sai ganyen ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, ya murɗe, gindin ya tsugune wuri ɗaya ya ƙi yaɗo. Manya suka ce kuturtar gyaɗa ce, wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗa ta. Ba gonata kaɗai ba ce, ba ma garinmu kaɗai ba. A wannan shekara cutar ta cinye gyaɗar Arewa, kimanin hekta dubu 700, kuma ta zo ne ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Da na tuge gindi da kaka, 'ya'ya biyu uku ne ke maƙale, su ma in ka matsa sai su fashe ba komai a ciki.

Baba ya zo wucewa ya same ni zaune a kan kunya. Ya tuge gindi ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya duba, ya ajiye. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Na ce, "Amin, Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, baɗi me za ka sa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ka yi tunani. Akwai lokaci." Ya wuce abinsa, alhali asarar da ya yi a gandu ta ninka tawa ban san sau nawa ba. Da dare aka kawo mana tuwo ni da 'yan'uwana kamar kullum, ba a rage mini loma ba, ba wanda ya yi mini zancen. Da bazara na je na durƙusa na ce wake nake so in gwada. Ya sa aka auno mini mudu ɗaya daga rumbu, ya ce rance ne, da kaka in mayar. Na mayar, kuma ya karɓa. Inna ta ce masa, "Malam, mudu ɗaya ma sai ka karɓa a hannun yaro?" Ya ce mata, "In ban karɓa ba, ai waken nawa ne ke nan, ba nasa ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Tausayi ne ya sa Inna ta yi tambayar, kuma ba ta yi laifi ba. Amma da ya yafe mini mudun nan, da na tashi da sanin cewa in abu ya lalace akwai mai gyarawa. Da kuma ya yi mini faɗa, ko ya ce ba zai ba ni iri ba, da na tashi ina tsoron gwaji. Bai yi ko ɗaya ba. Ya bar mini asarar ta zauna a kaina daidai nauyin da yaro zai iya ɗauka, ya kuma tsare mini abin da yaro ba zai iya ɗauka ba, wato yunwa. Ba shi ya ƙirƙiro wannan hikima ba, a cikin tsarin ya tarar da ita, kamar yadda ubansa ya tarar.

Akwai kuma abin da gayauna ke faɗa wanda baki ba ya iya faɗa. Babban yayanmu ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa a gaban mutane. In zai ba shi umarni sai ya ce da ɗayanmu, "Ku gaya wa wancan ya duba jakin nan." Baƙo zai ɗauka ba ya ƙaunarsa. Amma shekarar da Yaya ya yi aure, yankin da aka yanka masa shi ne mafi kyau a duk gonakinmu, wanda ke kusa da gida, wanda ya sha taki shekara da shekaru, har da ɗorawa biyu a ciki. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Baffanmu aka aika ya nuna masa iyaka. Duk gidan muka gane abin da aka ce, shi ma ya gane.

'Ya'ya mata a gidajen kulle ba a yanka musu gona, ko da yake a ƙasar Maraɗi da cikin Maguzawa mata suna da gonakinsu har yau. Amma su ma ba a bar su haka ba. Yarinya takan fara da tallar uwarta, ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa ko fura, ta koyi canji da bin bashi da gane mai wayo. Sannan a ba ta 'yar akuya, ko a bar mata ribar wani faranti ta riƙa sakawa a asusu, a tara a sayi kwanoni da tasoshin da za ta tafi da su ɗakinta. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna da yaran cikin birnin Kano a shekarun 1970 ta rubuta yadda sana'ar matan kulle kusan duk a kan ƙafar yara take tafiya. Talla tana da illolinta da muka sani, kuma ba ni cikin masu kare ta a yadda take a yau. Amma akuyar nan da asusun nan, manufarsu ɗaya da gayauna.

Kada kuma a ɗauka kowane yaro ya samu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafinta kan ƙauyen a 1972, ta lura cewa gandu ya fi ƙarfi da daɗewa a gidajen masu hali. Dalilin a fili yake. Mai gonaki da yawa yana da abin da zai yanka, yana da abin da zai yi wa ɗa aure, don haka ɗan yana da dalilin zama. Talakan da gonarsa ba ta ciyar da shi wata shida, me zai yanka? Ɗansa tun yana ƙarami yake fita ƙwadago a gonar wasu, da rani ya tafi cin rani, wata shekara ya tafi bai dawo ba. Shi ma yana koyon juriya, amma irin wadda ba a zaɓa ba, wadda in ka faɗi babu tuwon da ke jiranka. Na tashi da irin waɗannan yara, kuma ban yarda da masu cewa wahala ce kawai ke gina mutum ba. Na ga wadda ta gina, na ga wadda ta karya, kuma abin da ya raba su galibi shi ne ko akwai gidan da za a koma.

Abubuwan da suka sassauta gandu sun zo ne a jere cikin shekaru kaɗan. Fari da cutar gyaɗa suka kashe amfanin da ke kawo wa saurayi kuɗi. Kuɗin man fetur ya buɗe aikin gini da leburanci a Kano da Kaduna da Legas, inda yaro zai samu a wata ɗaya abin da gayauna ba ta ba shi a shekara. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, sai safiyar yaro, wadda da ta gandu ce, ta koma ta aji. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci su yi, amma ɗaya daga cikin igiyoyin da suka ɗaure ɗa da gandun ubansa ta tsinke a lokacin. A ƙarƙashin duk wannan kuma ga rabon gado yana ta aikinsa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya takwas suka raba, jikoki arba'in suka sake rabawa. Gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba dama ba ya cika daɗewa, da matan sun fara ƙorafin awo sai a raba tukunya, a raba gona. A kewayen birane kuwa gonar ma ta tafi. Ɗorayi, inda Polly Hill ta sake yin bincike a farkon shekarun 1970 tana ƙauyen manoma, yau unguwa ce a cikin Kano, an yanka ta filoti-filoti. A sassan Zamfara da Katsina kuma, gonakin bakin daji, inda da ake tura samari su yi sassabe su kafa nasu, su ne aka fara bari saboda 'yan bindiga.

Ina duban samarin birni na yau ina neman inda wannan tsari ya koma. Yaron da ke jan A Daidaita Sahu yana kai wa mai keke balas kullum, abin da ya ragu nasa ne. Da farko sai ka ce ai ga gandu ga gayauna. Amma mai keken ba ya ciyar da shi, ba zai yi masa aure ba, kuma ranar da bai samu ba bashi ne ya hau kansa. Wannan ya fi kama da murgu. Wanda ya fi kusa da gayauna shi ne yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre, wanda maigidansa ke bari ya ajiye 'yan kayansa a gefen teburi, ya sayar ya riƙe ribar, har ranar da za a sallame shi da jari. A gidajenmu na 'yan boko kuwa, mu da muka ci moriyar gayauna, mu ne muka fi hana 'ya'yanmu ita. Muna biyan kuɗin makaranta, muna sayen waya, muna sa kati, muna zaɓa musu abin da za su karanta, in sun yi ɓarna mu biya kafin su ji zafinta. Sai yaro ya kai shekara ashirin da biyar bai taɓa mallakar abin da zai iya lalacewa a hannunsa ba, sannan mu zauna a majalisa muna cewa yaran yanzu ba su da zuciya. Ba su suka hana kansu ba. Ƙauna ce ta sa muke yin haka, na sani, domin ni ma uba ne, kuma ba abin da ya fi wuya kamar ka ga ɗanka zai yi asara, kana da ikon tarewa, ka naɗe hannu.

A ƙauye dai al'adar ba ta mutu ba, ta rage faɗi ne kawai. Da daminar da ta wuce na je garinmu, na tarar wani ɗan ƙanena, wanda duk abin da ya gada bai fi kadada ɗaya ba, ya yanka wa ɗansa ɗan sakandare wani siririn yanki a gefen hanya. Yaron yana zuwa makaranta da safe, ya taya ubansa Asabar da Lahadi, yammacin sauran ranaku kuma nasa ne. Da kuɗin da ya tara na cajin waya ya sayi takin zamani tiya biyu, kuma yana da wani aboki a kasuwar Dawanau da yake bugo masa farashi. Uban ya ce abu biyu kawai ya gindaya masa: kada ya taɓa amfanin sai ya nuna sosai, kuma in ya kai a fitar da zakka, ya fitar kafin ya kai kasuwa. Na tambaye shi ko shi ya zaɓa wa yaron abin da zai shuka. Ya ce, "Wallahi, Baffa, ban ma tambaye shi ba. Sai da ya tsiro na ga riɗi ne."